Ƙaraye da Rogo: Hanyar da wutar lantarki ke bi, dalilin ɗaukewarta, da rawar da Dam ɗin Challawa zai iya takawa

Ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo suna kudu maso yammacin birnin Kano, a gefen da jihar ta yi iyaka da Katsina da Kaduna. Su biyun ne suka haɗa mazaɓar tarayya guda, kuma su ne ƙasar Masarautar Ƙaraye mai daraja ta biyu tun watan Yulin 2024. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaraye mutum kimanin 141,000, Rogo kuma kimanin 228,000. Yanki ne na noma: masara da dawa da rake a damina, kayan lambu da rani.

A ƙasar Ƙaraye ne Dam ɗin Challawa yake, ɗaya daga cikin manyan madatsun ruwa biyu na Jihar Kano. Duk da haka, wutar da ke kunna ƙwai a Yammedi ko Zarewa daga nisan ɗaruruwan kilomitoci take tasowa, ta ratsa dazuzzuka da jihohi kafin ta iso, kuma ko'ina ta yanke a hanya, nan ma duhu ne. Mai son fahimtar dalilin da ya sa Arewa ke kwana a duhu idan layi ɗaya ya tsinke a Binuwai ko Neja, zai wahala ya sami misalin da ya fi waɗannan ƙananan hukumomi biyu bayyana lamarin.

Hanyar da wuta ke bi

Mafi yawan wutar Najeriya da iskar gas ake samar da ita, kuma manyan tashoshin gas ɗin suna Kudu, kamar Egbin a Legas da Afam a Ribas da waɗanda ke jihohin Delta da Edo. Sauran daga ruwa take fitowa, musamman a Jihar Neja: Kainji mai megawat 760 da aka buɗe a 1968, da Jebba mai megawat 578, da Shiroro mai megawat 600 da ta fara aiki a 1990, sai Zungeru mai megawat 700 da ta shigo daga baya-bayan nan. A takarda, tashoshin ƙasar za su iya bayar da fiye da megawat 13,000. A aikace, abin da ke hawa layi yakan tsaya tsakanin 4,000 zuwa 5,000 da ɗoriya. A watan Maris na 2025, lokacin da aka kai megawat 5,801, sai da aka fitar da sanarwar murna.

Kamfanin TCN, mallakar Gwamnatin Tarayya, shi ne ke dakon wannan wuta a kan manyan layuka masu ƙarfin kilobolt 330. Rabon Kano ta tashar Mando da ke Kaduna yake biyowa, ya sauka a babbar tashar Kumbotso. Daga nan ake rage ƙarfinsa zuwa kilobolt 132 a aika wa tashoshi irin su Ɗan Agundi da Dakata a cikin birni, da irin ta Kwanar Dangora a ƙasar Ƙiru. A waɗannan tashoshi ne KEDCO, mai raba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa tun bayan sayar da kamfanonin wuta a Nuwamban 2013, yake karɓa a kan layukan kilobolt 33, waɗanda ma'aikata ke kira fida. Fidar ce ke bin gefen hanya da cikin gonaki har ta isa taransifomar unguwa.

Bisa tsarin rabon da aka daɗe ana aiki da shi, kason KEDCO kashi 8 cikin 100 ne na abin da ƙasa ta samar. Ranar da aka samu megawat 4,000 ke nan, jihohi uku za su raba 320. A cikin wannan ne masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa za su ɗiba, a cikinsa ne kuma aka yi wa 'yan rukunin A alkawarin awa 20 a rana tun da aka ƙara musu kuɗin wuta a Afrilun 2024. Rukunin B awa 16 ne, C 12, D 8, E kuwa 4. Dogayen fidodin karkara, inda mita ba ta wadata ba kuma kuɗin da ake tarawa kaɗan ne, galibi a rukunonin ƙasa suke. Idan wuta ta yi ƙaranci su ake fara saukewa, idan ta dawo su ne na ƙarshen samu.

Tsawon fida ma matsala ne mai zaman kansa. Gwargwadon nisan da wuta ta yi a kan waya, gwargwadon raunin da take isowa da shi. Shi ya sa a wasu garuruwa ƙwai yakan kama amma injin walda ko firji ya ƙi tashi. Kuma reshen bishiya ɗaya da iskar farkon damina ta karya, ko turke ɗaya da ya faɗi cikin fadama, ya isa ya kashe dukkan garuruwan da ke bayansa har sai an bi layin a ƙafa an gano wurin.

Me ake nufi da faɗuwar babban layi?

Jama'a kan haɗa kowace ɗaukewar wuta su kira ta da suna ɗaya, alhali iri-iri ce. Akwai ta karɓa-karɓa, wadda ake yi da gangan saboda abin da aka samu bai isa ba. Akwai ta lalacewar fida ko taransifoma, wadda ba ta wuce unguwa ko 'yan garuruwa. Akwai kuma faɗuwar babban layin ƙasa, wadda ke kashe tashoshin samar da wutar su kansu.

Asalin wannan ta ukun shi ne babban layi ba rumbu ba ne. Abin da ake sha a kowace daƙiƙa, a wannan daƙiƙar ake samar da shi. Dukkan injinan tashoshin ƙasar, daga Egbin har Shiroro, juyawa suke yi tare a kan bugu ɗaya, sau 50 a daƙiƙa. Idan masu sha suka rinjayi abin da ake samarwa, injinan kan yi nauyi, bugun ya sauka. Idan kuma wani babban kaya ya sauka daga layi kwatsam, sai su yi sauƙi, bugun ya haura. Ƙa'idar layin Najeriya ta ce a riƙe shi tsakanin 49.75 da 50.25 a yanayi na yau da kullum, kuma ko cikin matsi kada ya yi ƙasa da 48.75 ko ya wuce 51.25. Da zarar ya ƙetare, kowace tasha tana da na'urar da ke cire ta daga layi don kada injinta ya lalace. Fitar tasha ɗaya na ƙara wa saura nauyi, ta biyu ta bi ta, ta uku ta bi ta biyu. Kafin mai kula da layi a cibiyar Osogbo ya ɗaga waya, an gama.

A 2024 hakan ta faru fiye da sau goma. Ta ranar 19 ga Oktoba, kamar yadda hukumar NERC ta bayyana, fashewar wata na'ura ce a tashar dakon wuta ta Jebba ta jawo ta. Na'ura ɗaya ce, a tasha ɗaya.

Ajiyar ko-ta-kwana

Maganin da injiniyoyi suka sani tun tuni shi ne a bar wasu injina suna juyawa ba tare da an ɗora musu cikakken kaya ba. Inji mai iya megawat 100 sai a riƙe shi a 80, ragowar 20 ɗin ta zama ajiya. Idan wata tasha ta faɗi, na'urar da ke daidaita gudun injin za ta buɗe wa gas ko ruwa hanya da kanta cikin 'yan daƙiƙoƙi, a cike giɓin kafin bugun ya kai inda ba a dawowa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ajiyar ta kai aƙalla girman inji mafi girma da ke kan layi a lokacin.

Wahalar ita ce ajiya kuɗi ce. Kamfanin da ya riƙe megawat 20 bai sayar ba yana son a biya shi ladan riƙewar, a kasuwar da ko wutar da aka sha ba a gama biyan kuɗinta ba, kamfanonin samar da wuta suna bin bashi, masu gas suna bin su. Sannan a ƙasar da kowa ke kukan duhu, ba ƙaramin ƙarfin hali ake buƙata ba kafin jami'i ya ce a bar wani inji yana juyawa da sauran ƙarfi a ajiye. Usman Gur Mohammed, lokacin da yake shugabantar TCN har zuwa 2020, ya sha faɗa wa manema labarai cewa rashin wannan ajiya da rashin cikakkiyar na'urar hango layi daga nesa, wadda ake kira SCADA, su ne ke sa layin yawan faɗuwa. Daga baya an raba aikin gida biyu, aka kafa hukumar NISO ta karɓi kula da daidaiton layi da kasuwar wuta, TCN ta tsaya a kan wayoyi da turaku. A 2025 sabuwar hukumar ta fara aiki. Rabon aiki dai bai saya wa kowa ajiya ba, sai an sa kuɗinta a lissafi.

Ba Najeriya kaɗai abin ke samu ba. Ranar 28 ga Afrilun 2025, da rana tsaka, Sifaniya da Fotugal suka faɗa duhu gaba ɗaya. Abin lura shi ne yadda suka tashi: sun jawo wuta daga Faransa da Maroko, suka tayar da tashoshin ruwa masu iya kunna kansu, kafin wayewar gari kusan kowa ya samu. A Najeriya ma tashoshin ruwa na Jihar Neja ne akan dogara da su wajen farfaɗo da layi, domin tashar gas tana buƙatar wuta daga waje kafin ta tashi, ta ruwa kuwa ƙaramin janareta ya isa ya buɗe mata ƙofa. Daga nan ake ɗora kaya sannu a hankali, tasha bayan tasha, kuma kafin layi ya zo kan fidar karkara a yammacin Kano an daɗe da kunna manyan birane.

Darasin Oktoban 2024

Duhun da ya fi daɗewa a zukatan mutanen Arewa bai zo ta faɗuwar babban layi ba. Tashoshi suna aiki, Legas da Fatakwal suna da wuta, hanyar kawo ta ce ta yanke.

A watan Oktoban 2024 TCN ta sanar da cewa an lalata turakun layukan kilobolt 330 guda biyu da suka tashi daga Shiroro zuwa Mando, kuma matsalar tsaro a dajin ta hana ma'aikata zuwa gyara sai da rakiyar jami'an tsaro. Wannan ita ce babbar ƙofar Arewa maso Yamma. Da ta rufe, sai aka karkatar da wuta ta doguwar hanya: daga Ugwuaji a Inugu zuwa Apir kusa da Makurɗi, ta hau Jos, ta gangaro Kaduna, sannan Kano. Da asubahin Litinin 21 ga Oktoba ɗaya daga cikin layuka biyu na wannan hanya ya faɗi, kayansa ya koma kan ɗan'uwansa, shi ma bayan 'yan mintoci ya bi shi. An gano ɓarnar a yankin Igumale na Jihar Binuwai. Sai ranar 30 ga wata aka dawo da layi ɗaya.

Kwana tara zuwa goma ke nan mafi yawan Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas ba wuta. A Kano ƙanƙara ta yi tsada, ruwan leda ya yi tsada, kuɗin niƙa da na cajin waya suka tashi, kamfanonin casar shinkafa wasu suka rufe, wasu suka koma kan dizal, kuma hakan ya zo ne bayan cire tallafin fetur na 29 ga Mayun 2023 ya riga ya sa janareta ya fi ƙarfin mutane da yawa.

Masu tsara layin wuta suna da ƙa'ida mai sauƙin faɗa: a gina shi yadda idan kowane abu ɗaya ya faɗi, layi ne ko taransifoma ko inji, saura za su ɗauki kayansa. Arewa ta shiga watan Oktoba da hanyoyi biyu, ta rasa ta farko, aka ci gaba da tafiya a kan ta biyu ba tare da wani abu a bayanta ba. Akwai kuma wani abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi idan ya ji an ce "layuka biyu". Sau da yawa a kan turaku ɗaya aka rataye su. Wanda ya kwance ƙarafan turke ɗaya ya kayar da su duka, don haka biyun nan a wajen ɓarawo ko guguwa ɗaya ne. Tsakanin Mando da Kumbotso kuwa an shafe shekaru ana dogaro da layi guda, aikin na biyu da sabuwar tashar Rimin Zakara yana ta jan ƙafa.

Ko da an gama waɗannan, tushen matsalar na nan: daga Kaduna zuwa iyakar Nijar babu wata babbar tashar samar da wuta da ke aiki. Ta Kudenda a Kaduna mai megawat 215 ta daɗe ba ta kammala ba. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020, shi ake jira ya kawo abin da za a ƙona. Tashar hasken rana mai megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso a Janairun 2023 abin yabo ce, sai dai irinta tana bin bugun babban layi ne. Idan ya mutu, ita ma takan yi shiru ko da rana na tsakiyar sama.

Dam ɗin Challawa

Kamfanin Julius Berger ne ya gina dam ɗin tsakanin 1990 da 1992 a kan Kogin Challawa, kimanin kilomita 90 daga birnin Kano. Tsayin bangonsa ya kai mita 42, tsawonsa ya doshi kilomita 8, kuma yana ɗaukar ruwa kimanin mita kubik miliyan 900, wato kusan rabin na Tiga da aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. An gina shi ne don ruwan sha na birnin Kano da noman rani da daidaita kwararar kogin zuwa kwarin Haɗeja.

A wa'adin mulki na biyu na Rabi'u Musa Kwankwaso, tsakanin 2011 da 2015, gwamnatin jiha ta ba da kwangilar kafa injinan wuta a Tiga da Challawa, aka yi maganar megawat 35 jimilla. Daga baya aka sake lissafi, aka tsaya a kan 10 a Tiga da 6 a Challawa. Na Tiga ya riga kammaluwa, da niyyar ya riƙa ba matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titunan birni wuta. Na Challawa ya ratsa gwamnatoci uku.

Rage adadin ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san lissafin. Wutar ruwa abu biyu ne ke haifar da ita: yawan ruwan da ke wucewa da tsayin da yake faɗowa. Mita kubik ɗaya a daƙiƙa, idan ya faɗo daga tsayin mita 30, yakan ba da kusan kilowat 250 bayan an cire asarar inji. Megawat 5 ke nan na buƙatar mita kubik 20 a kowace daƙiƙa, dare da rana. Idan rani ya yi nisa ruwan dam ya ja baya, tsayin ya ragu, wutar ma ta ragu. Sannan ba mai injin wuta ne ke da ikon buɗe ƙofa ba. Ruwan da aka saki a Ƙaraye shi ne ke isa matatar Challawa a Panshekara, shi ne ke haɗuwa da na Tiga ya gangara Wudil da Ringim da Haɗeja har dausayin Nguru. A sake shi da yawa a lokacin da bai dace ba, manoman can ƙasa su yi kuka da ambaliya. A riƙa sakinsa ba yankewa duk shekara, ciyawar kacalla ta samu yadda take so ta toshe magudanai. Injin wuta a irin wannan dam baƙo ne, abin da mai gida ya saki yake ci.

Duk da haka megawat 6 ba abin rainawa ba ne idan aka auna shi da buƙatar karkara. A birnin Kano ɗigo ne a cikin kogi. A Ƙaraye da Rogo kuwa, inda yawancin gidaje ƙwai da fanka da talabijin da cajin waya ne kayansu, ko rabinsa zai riƙe asibitoci da famfunan ruwa da kasuwanni da masu walda da injinan niƙa na manyan garuruwan. Abin tambaya shi ne ko an tsara shi ya yi hakan, domin kasancewar tasha a ƙasarku ba ya nufin wutarta taku ce. Mutanen Shiroro da Kainji sun daɗe da sanin wannan: ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Kafin ƙaramar tasha ta iya riƙe yankinta a ranar da babban layi ya mutu, dole ta iya zama tsibiri. Ana buƙatar makunnin da zai raba fidar yankin da babban layi nan take, in ba haka ba tashar za ta yi ƙoƙarin ɗaukar kayan Kano gaba ɗaya ta faɗi cikin ƙiftawar ido. Ana buƙatar injin ya iya riƙe bugun 50 da kansa ba tare da jingina da kowa ba, ya kuma iya tashi daga duhu da ƙaramin janareta ko batir. Ana buƙatar a san tun farko waɗanne layuka za a bari a kunne, waɗanne za a sauke, don kada kaya ya fi ƙarfin injin. Waɗannan duka a lokacin zane da sayen kaya ake yanke su, kuma ƙara su bayan an gama gini ya fi tsada.

Sai kuma maganar takarda, wadda ta fi ta ƙarfe wuya. Dam na Gwamnatin Tarayya ne, injin na gwamnatin jiha, wayoyin da ke shiga garuruwa na KEDCO. Idan yarjejeniyar sayar da wutar ta ce a kai ta birni gaba ɗaya, waya za ta bi ta kan rufin mutanen Turawa ta wuce. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Wutar Lantarki da aka sa wa hannu a Yunin wannan shekarar sun ba jihohi ikon samarwa da dako da raba wuta a cikin iyakokinsu, kuma jihohi irin su Inugu da Ekiti da Ondo sun karɓi ikon kula da kasuwarsu tun 2024. Ƙofar doka a buɗe take ke nan. Wakilan yankin da masarauta da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, idan za su tambayi gwamnati wani abu game da Challawa, tambayar kason da aka ware wa fidar yankin da ko tashar za ta iya zama tsibiri ta fi tambayar ranar yanke ƙyalle amfani.

Inda aka gwada

Abin ba sabo ba ne a Arewa. Kamfanin NESCO, da aka kafa a 1929 don ba ma'adinan kuza wuta, har yau yana samar da ita daga ƙananan tashoshin ruwa irin ta Kurra a tsaunukan Filato, yana raba wa abokan cinikinsa a kan nasa wayoyin. A Maiduguri, bayan 'yan tada ƙayar baya sun tarwatsa turakun layin Damaturu a Janairun 2021 birnin ya shafe watanni a duhu, sai NNPC ta gina tashar gaggawa mai megawat 50 a cikin garin, aka buɗe ta a Maris 2023. A Kudancin Ostireliya, guguwa ce ta kayar da turaku a Satumban 2016 jiha guda ta mutu; shekara ɗaya bayan haka suka kafa katafaren batir mai megawat 100 a Hornsdale, wanda babban aikinsa shi ne tare bugun layi cikin ƙasa da daƙiƙa kafin injina su farga.

A Kano ma akwai ƙanana. Jami'ar Bayero ta samu tashar sola haɗe da batir da janareta a Satumban 2019, kuma tun 2018 aka fara ba shagunan Kasuwar Sabon Gari wutar sola da mita. Dokokin NERC sun yarda kamfani mai zaman kansa ya kafa ƙaramin layi, ko dai a garin da babu wuta sam, ko a inda wayoyin KEDCO suke amma wutar ba ta zuwa, bisa yarjejeniya tsakanin kamfanin da KEDCO da jama'ar gari. Wannan na biyun shi ya fi dacewa da garuruwa irin su Rogo da Fulatan, inda turaku da taransifoma suna nan tsaye. Kuɗin kowane yunit ya fi na rukunin D ko E, amma ya yi ƙasa da abin da mai shago ke ƙonawa a fetur.

Ajiyar shago da gida

Kafin waɗannan su tabbata, ajiyar da ke aiki a yankin ita ce wadda kowa ya saya da kuɗinsa: janareta a bayan shago, farantin sola a kan rufi, firjin rigakafi mai sola a asibitin gari, rijiyar burtsatse mai sola, da injin ban ruwa da wasu manoma suka mayar kan gas ko hasken rana bayan tsadar fetur. A nan ma kuskuren da ake yawan yi irin na babban layi ne, wato a ɗora wa na'ura iyakar abin da aka rubuta a jikinta ba a bar komai a ajiye ba.

Misali, shago mai firji ɗaya na wat 150, da fanka biyu masu wat 60 kowace, da ƙwayaye na wat 40, yana jan wat 310. A awa goma yunit 3.1 ke nan. Batir mai bolt 12 da amfiya 200, irin wanda aka fi sayarwa, yunit 2.4 yake ɗauka a rubuce, amma idan na ruwa ne ko irin na dalma, rabinsa kawai ya kamata a sha in ana son ya yi shekaru. Wanda ke zuƙe shi har ƙasa kullum, kafin shekara ta zagayo zai koma kasuwa. Shagon nan uku yake buƙata, ba ɗaya ba. Na litiyom ya fi tsada a saye, amma ana iya shan kashi 80 cikin 100 nasa ko fiye. Firji da injin jan ruwa kuma sukan ja ninki uku ko fiye na ƙarfinsu a lokacin tashi, don haka inbata ko janaretan da aka auna daidai wa daida zai riƙa faɗuwa duk lokacin da suka kama.

Duk wanda ya haɗa janareta ko inbata da wayoyin gida, wajibi ne ya sa makunnin sauya layi da ke raba gidan da wayar KEDCO gaba ɗaya. Idan babu shi, wutar gidan kan koma waje, taransifoma ta ɗaga ƙarfinta zuwa dubbai, ta sami ma'aikacin da ya hau turke yana zaton layin a mace yake. Janareta kuma a waje ake ajiye shi, nesa da taga, domin iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta da wari kuma ba a ganinta.